Baffa, na samu aikin ofis a Sudan ta Kudu amma Dada tace ba inda zani

Assalamu alaikum Baffa, ya iyali ya ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni mazaunin Gombe ne, ina aiki a sashen mulki na wata ma'aikatar jiha, kafin nan nayi shekaru da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri ina kula da takardu da motoci da masaukin ma'aikata. Tun lokacin nake cike aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a shafinsu na Inspira, ba'a taɓa kirana ba sai bana, nayi jarabawa a rubuce, akayi mun intabiyu ta kwamfuta, yanzu sun turo takardar ɗauka. Mataimakin jami'in mulki ne, matakin FS-4, a ofishin UNMISS, wato aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar a Sudan ta Kudu, da ke garin Bentiu, kwantiragin wucin gadi ne bai cika shekara ba. Matsalar itace Dada mahaifiyata, tana da hawan jini kuma nine babba tunda Baba ya rasu, tace fargaban da ta sha lokacin ina Maiduguri ya isheta, ba zan sake tafiya filin yaƙi ba tana raye. Maiɗakina tana da ciki wata 7 ga yara biyu, ita kuma bata cewa komai sai "duk abinda ka gani". Kawuna yace ƴan damfara ne. Abokaina sunce in ajiye aikin gwamnati kawai in tafi tunda dala ce, wani ma yace in cewa Dada kwas aka turani Uganda tunda ta can zan bi. Kaina ya kulle Baffa, ga shi ƴan kwanaki aka bani in bada amsa.

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙarawa Dada lafiya, ya sauki maiɗakinka lafiya. Kafin komai ina tayaka murna, mutane nawa ne suke cike fom a Inspira shekara da shekaru ko jarabawa ba'a taɓa kiransu ba, kai har ka tsallake intabiyu, wannan ba ƙaramin abu bane.

Ra'ayina shine ka karɓi aikin, amma ba ta hanyar da abokanka suka tsara maka ba. Ba zaka yiwa Dada ƙarya ba, ba zaka rubuta takardar ajiye aiki ba, kuma idan anyi duk abinda ya kamata Dada ta kafe akan a'a, toh ka zauna. Nasan wannan na ƙarshen ba shi kake son ji ba, zan zo kansa. Nayi irin wannan aikin a Darfur, a ɓangaren mulki kamar wanda za'a baka, saboda haka ba a bakin wani naji abinda zan gaya maka ba.

Maganar kawunka itace mafi sauƙi. Tsoronshi ba na banza bane, an cuci mutane da yawa nan Bauchi da can Gombe da sunan aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu har fili suka sayar. Amma gane na gaskiya bashi da wuya, Majalisar bata karɓar ko kwabo a wajen mai neman aiki, ba kuɗin fom, ba kuɗin horo, ba kuɗin biza da zaka tura asusun wani mutum. Ka duba imel ɗin da suke turo maka, adireshin ya ƙare da un.org ne ko kuwa Gmail ne aka yiwa ado, ka duba lambar gurbin aikin da ke takardar ta dace da wanda ka cike a Inspira. Na gaskiya zasu turo maka fom na gwajin lafiya, su tantance takardun makarantarka, su tuntuɓi wuraren da kayi aiki, kuma su zasu shirya maka tikiti. Ranar da wani yace turo kaza a gaggauta maka fayil, shikenan ka gane da wa kake magana. Ka zauna da kawu ka nuna mishi duk wannan a waya da idonshi, dan anjima zaka buƙaci bakinshi a wajen Dada.

Yanzu aikin kansa, dan na lura gidanku gaba ɗaya kuna gardama akan abinda baku gama sanin kamanninsa ba. Dada tana hango bindiga, abokanka suna hango dala, abinda zaka tarar kuma tebur ne da kwamfuta a cikin kwantena mai esi, da takardun da basa ƙarewa. Kai farar hula ne, ba kaki, ba shuɗiyar hular sojojin Majalisar, ba fita sintiri. Da safe ka buɗe Umoja, manhajar da suke komai na ma'aikata da kuɗi a cikinta, ka duba wa ya nemi hutu, wa ya dawo, wa zaiyi tafiya kuɗin guzurinshi bai fita ba. Wani zashi taro Juba, babban birnin ƙasar, kai zaka tabbatar an cike mishi fom ɗin tafiya an sa hannu kafin masu kula da zirga-zirga su rufe jerin fasinjan jirgin gobe, in ya rasa wannan jirgin wataƙila sai bayan kwanaki kuma kai za'a zo a tsaya a kai. Sabon ma'aikaci ya sauka, kai zaka san ɗakin da zai kwana, katin shaidarshi, oba-obar da za'a bashi, wa zai mishi bayanin tsaro. Wani zai bar aiki, kai zaka bi takardarshi ofis ofis a sa hannu cewa ya maida laftof da duk kayan da ya karɓa. Tawadar firinta ta ƙare, leburorin da ake biya kwana-kwana suna tsaye bakin get kuɗinsu bai fito ba, shugaban ofis zai gana da gwamna ko kwamishina sai ka rubuta wasiƙa ka bibiyeta ka shirya mota da tafinta, wani lokacin ka zauna a kujerar baya kana rubuta abinda aka tattauna. Kuma yawancin lissafin albashi da alawus ba a nan ake yinshi ba, a cibiyarsu ta Entebbe da ke Uganda ake yi, wadda aka kafa a 2010 dan ta riƙa yiwa ayyukan Afirka hidima, kaga kenan rabin ranarka bibiyar imel ne da mutanen da baka taɓa ganin fuskarsu ba.

Abinda zai fi baka wuya a watannin farko ba yawan aikin bane, ka saba a Maiduguri. Tsarin ne. A can "oga ne yace" bata fidda mutum, komai sai a rubuce, komai yana da ranar da zai rufe, kuma odita zai iya zuwa bayan ka manta ya ɗauko baucha guda yace ina rasit. Ogan naka zai iya zama mace ƴar Nepal ko Kenya da ka girmeta, tayi maka gyara kai tsaye ba tare da doguwar gaisuwa ba, kada ka ɗauka raini ne, haka suke aiki. Sannan za'a zo maka neman alfarma, a sa ƙanin wane a lebura, a sa sunan wane a jirgi, kai da ke riƙe da takarda kai ake fara lallaɓa. Kace a'a da fara'a tun ranar farko, in ka buɗe ƙofar sau ɗaya bazaka iya rufeta ba.

Kada kuma wani ya raina maka aikin yace ai magatakarda ne kawai. Akwai wani zaman sulhu da aka shirya tsakanin makiyaya da manoma lokacin ina Darfur, manya suna can suna gyara jawabi, amma abinda zaman ya rataya a kai wata takarda ce mai shafi biyu, sunayen dattawan da za'a ɗauko, kuɗin motar da za'a maida wa kowa, rumfa da tabarmi, shayi da sukari, da tafintan da ɓangarorin biyu suka yarda dashi. Wani magatakarda ɗan garin ne ya jawo kujera ya zauna kusa dani da fensir a hannu, ya jera sunayen yadda girma yake a wajensu, wane kafin wane, wane baya zama kusa da wane saboda akwai jini a tsakani, wane in ba'a kira sunanshi da laƙabinshi ba zai tashi da mutanenshi. Aka wuni ana magana ba wanda ya tashi. Sunan wannan bawan Allah bai shiga wani rahoto ba amma ni nasan abinda yayi. Shi yasa nake ce maka ka riƙe ma'aikata ƴan ƙasa da mutunci, direbobi, masu shara, magatakarda, tafintoci. Albashinsu bai kusa naka ba alhali wasunsu sun fika sanin aikin, kuma ranar da abu ya ɓaci aka kwashe baƙi a jirgi su suna nan da iyalansu ba inda zasu. Duk wanda ya manta wannan ya fara ɗaga kai, aikinshi baya tafiya.

Batun haɗari kuwa, bazan ce maka babu ba, dan in nace babu na zama irin abokin nan naka mai maganar Uganda. Sudan ta Kudu ta samu ƴancin kai ranar 9 ga Yulin 2011, a Disambar 2013 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin ɓangaren shugaba Salva Kiir da na Riek Machar, kuma Bentiu, babban birnin jihar Unity mai arzikin man fetur, tana cikin garuruwan da suka fi shan wuya. Anyi yarjejeniyar zaman lafiya a 2018 amma har yanzu ƙasar bata zauna daram ba, a Maris ɗin 2025 an harbi jirgi mai saukar ungulu na Majalisar a garin Nasir har ma'aikacin jirgin ya rasu. Wannan duk gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa mai aikin ofis yana kwana yana tashi ne a cikin sansani mai shinge da sojoji masu gadi, akwai dokar hana fita da dare, akwai kiran oba-oba da ake yi a tabbatar kowa yana nan, akwai wurin ɓuya, akwai ƴar jakar da zasu ce ka haɗa ka ajiye kusa da ƙofa da fasfo da magani da kaya kala biyu a ciki, kuma kafin ka tafi sai kayi kwas ɗin tsaro na intanet da suke kira BSAFE dole. Idan ka bi ƙa'idarsu, abinda yafi kusa da kai ba harsashi bane, sauro ne da ruwa da kaɗaici. Tun 2021 ambaliya ta kewaye Bentiu, jingar ƙasa da injiniyoyin sojan Pakistan suke ta gyarawa ce take tare ruwa daga sansanin da filin jirgi da matsugunin ƴan gudun hijira sama da dubu 100 da ke maƙwabtaka dasu. Ka tafi da takalmin ruwa, ka kwana a gidan sauro kullum ba fashi, zazzaɓi ya taɓaka ka tafi asibiti a ranar kada kace bari in sha fanadol in gani. Akwai asibiti a sansanin wanda sojojin Vietnam suka karɓi gudanar da shi tun 2018, abinda yafi ƙarfinsu a ɗauki mutum a jirgi. Sallah kuma ba matsala, inda duk akwai sojojin Pakistan ko Bangladesh zaka samu masallaci da jam'i.

Kaɗaicin ne nafi ji maka. Ka tashi aiki ka taka ƴan taku ka shiga ɗakinka, fuskokin da ka gani a ofis su zaka gani a wajen cin abinci, su zaka gani ranar Lahadi, ba majalisa, ba ɗaurin aure, ba zuwa gaida kowa. A nan mutane suke lalacewa, wani giya, wani mata. Ka sani tun 2003 zamanin Kofi Annan akwai doka mai tsauri akan ma'aikacin da ya nemi mace da kuɗi ko da abinci ko da alkawarin aiki a inda aka turashi, kora ce, kuma kai ka riga kasan hukuncin da yafi kora. Ka tafi da abinda zai cika maka dare, haddar da ka daɗe kana son yi, ko koyon Faransanci wanda zai maka amfani nan gaba.

Toh Dada. Ƙaryar Uganda ka cireta a ranka gaba ɗaya. Na farko ba zata ɓoyu ba, Gombe ce fa, wata rana wata zata zo dubiya tace Allah sarki ance ɗanki yana Sudan, mai hawan jini taji wannan a bakin baƙuwa, ka auna abinda zai biyo baya. Na biyu kuma kana neman albarkar tafiya ne, albarkar da aka karɓa da ƙarya ta wace tafiya ce? Ka tuna mutumin da yazo wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gareshi, yana neman izinin fita jihadi, aka tambayeshi iyayenka suna raye, yace eh, aka ce ya koma yayi jihadinshi a kansu. Jihadi kenan, balle neman dala.

Amma a'ar uwa ta farko sau da yawa ba hukunci bane, tsoro ne yake magana, kuma tsoron Dada yana da tushe. Shekarun da kayi a Maiduguri kai kana cikin aiki kana ganin gari da idonka, ita tana Gombe da rediyo a kunne, duk bam ɗin da ya tashi a kanta ya tashi, duk kiran da baka ɗaga ba sai ta kasa cin abinci. Ka fara da amsa mata wannan, kace Dada nasan abinda kika sha saboda ni. Kada ka fara da lissafin kuɗi, uwa in taji kana auna ranka da kuɗi ƙara kafewa takeyi. Daga nan ka gaya mata komai yadda yake, har ambaliyar, har jakar bakin ƙofa, ka nuna mata hotunan sansanin a waya, ka gaya mata akwai intanet zata riƙa ganinka a WhatsApp. Ka nemi wanda take jin nauyinshi ya zauna daku, kawun naka in ya gamsu, ko wani tsohon ɗan sanda ko soja a unguwa da yayi Laberiya ko Saliyo ko Darfur ya dawo lafiya, irinsu suna nan da yawa a garuruwanmu. Wannan hanya ba baƙuwa bace a wajenmu, tun 1960 zamanin marigayi Abubakar Tafawa Balewa Najeriya ta tura sojoji Kongo ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Amina Mohammed, wadda ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar a 2017, ƴar asalin jiharku ce.

Sannan akwai tsoro na biyu da bazata faɗa ba, wa zai kula da ita. Kai ne kake kaita asibiti, kai kake sayen magani, kai ake kira in jiri ya ɗebeta da dare. Wannan ba da baki ake amsa shi ba. Kafin ka sake ɗaga maganar ka saya mata na'urar awon jini ka koyawa wani a gidan yadda ake amfani da ita, ka rubuta ranakun ganin likita a manna a bango, ka zaunar da ƙannenka a fayyace wa zai riƙa kaita, da wace mota, wa za'a kira da dare, ka ajiye kuɗin magani na watanni a wajen da ba za'a taɓa shi dan wata hidima ba. Taga cewa tafiyarka bata nufin an barta. Ka bata kwana biyu, kuyi istihara kai da ita. Idan bayan duk wannan tace har cikin ranta bata yarda ba, ka rubuta musu cikin ladabi cewa wani uzurin iyali ya hanaka, ka cigaba da neman wasu guraben. Ƙin karɓar tayi ɗaya baya hanaka sake nema, kuma wanda ya ci intabiyu sau ɗaya ya riga yasan hanya.

Maiɗakinka kuma, "duk abinda ka gani" ba amincewa bace ɗana, kunya ce da gudun kada ace ta tare maka arziki. Mace mai ciki wata 7 da yara biyu tana da tambayoyi cike da ciki. A ina zata haihu, wa zai kaita in naƙuda tazo da tsakar dare, zata je gidansu wankan jego ko zata zauna, in ta zauna shin ita za'a ɗorawa jinyar Dada ga jariri ga yara, kuɗin cefane a hannun wa zai riƙa biyowa. Ka sameta ku biyu bayan yara sunyi barci ka tambayeta ɗaya bayan ɗaya, kayi shiru ka saurara ko da kuka ta fara. Ni shawarata kuɗin gidanka ya riƙa shiga asusunta kai tsaye, kada ka sa matarka ta riƙa aika yaro wajen ƙaninka karɓar kuɗin omo, gidaje da yawa daga nan suka fara tsagewa. Na Dada daban, nata daban, kowa yasan nashi. Kuma haƙƙinta na zama da miji ba abin wasa bane, Sayyidina Umar da kanshi ya sa iyaka kada a riƙe mayaƙa nesa da matansu fiye da ƴan watanni. Abinda ya sauƙaƙa wannan aikin shine wuraren da ba'a zuwa da iyali irin Bentiu suna da hutun shan iska da suke kira R&R, duk bayan sati 6 ko 8, wani wurin ma 4, gwargwadon tsananin wurin, kwana 5 ne banda kwanakin hanya. Sai dai su iyakarsu su kaika garin da suka ware na hutu, daga can zuwa Addis Ababa zuwa Abuja zuwa Gombe aljihunka ne, kuma hanyar kaɗai tana cin kwanaki, dole ka riƙa haɗawa da hutun shekara. Ka sa kuɗin wannan tikitin a lissafinka tun yanzu a matsayin dole, kada ka zama irin masu cewa bari in tara kuɗin in zauna a Kampala ta Uganda, shekara ta zagayo jaririnka bai san fuskarka ba.

Akwai fom da zasu baka na wanda za'a miƙawa haƙƙinka idan ta Allah ta kasance. Kada ka cike shi a tsaye a gaban tebur, ka tambayi malami yadda zaka yi ya dace da rabon gado, ka rubuta wasiyya da basukan da ake binka da waɗanda kake bi, ka gayawa mutum biyu inda take.

Sai maganar ajiye aiki, wadda ita ce tafi tada mun hankali a wasiƙarka. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Kwantiragin wucin gadi sunanshi wucin gadi, baya wuce kwana 364 a karon farko kuma ba wanda ya maka alkawarin sabuntawa. Kai ko masu kwantiragi mai ƙarfi basu da tabbas, dan aikin gaba ɗaya Kwamitin Sulhu ne yake sabunta wa'adinshi lokaci lokaci, kasafin kuɗin kuma daga Yuli zuwa Yuni yake tafiya, duk shekara ana iya yanke kujeru. Na Laberiya an rufe a 2018, na Darfur ya ƙare ƙarshen 2020, na Mali kuwa gwamnatin sojan ƙasar ce tace su fita a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Disamba an tattara, mutanen da suke ganin sun kafu suka koma gida da akwatuna. A 2025 ma saboda manyan ƙasashe basa biyan kasonsu akan lokaci an sanar da rage kusan kashi ɗaya bisa huɗu na dakarun wanzar da zaman lafiya, kuma in aka rage soja ana rage masu yi musu takarda. Saboda haka ka rubuta neman hutun da babu albashi, ta hannun daraktanka zuwa babban sakataren ma'aikatarku da ofishin shugaban ma'aikatan jiha, ka haɗa da kwafin takardar ɗaukar, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a naka kwafin, ka bibiya har amincewar ta fito a rubuce. Kuma ka gayawa su Majalisar cewa kai ma'aikacin gwamnati ne da ke hutu, dan basa yarda ma'aikacinsu yana karɓar albashi ko umarni daga wata gwamnati. Abinda bazan yafe maka ba shine ka tafi shiru albashin jiha yana shiga wani yana sa maka hannu a rajista, haram ne, kuma ranar da ta fashe ka rasa duka biyun. In sun ƙi baka hutun ƙememe, nan ne zaka sake zama kayi lissafi, ni dai a wannan halin da ciki wata 7 da uwa mara lafiya bazan ce ka jefar da aikin fansho saboda aikin da bai cika shekara ɗaya ba.

In ka isa can, tun watan farko ka fara neman shiga rosta. Suna fitar da gurabe na gama-gari waɗanda in ka ci jarabawa da intabiyu za'a sa sunanka a jerin waɗanda aka riga aka tantance, kuma yawancin kujeru masu ɗorewa a irin waɗannan ayyuka daga wannan jerin ake ɗauka. Faransancin da na ambata shi zai buɗe maka ayyukansu na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kongo.

Kuɗi kuma zasu zo, sunfi na ma'aikatar jiha nesa ba kusa ba, akwai albashi akwai alawus na wahalar wuri da na haɗari. Amma ka karanta takardarka layi layi ka ga wanne ne naka, dan ɗan wucin gadi baya samun duk abinda sauran suke samu, ko hutun shekara kwana ɗaya da rabi yake tarawa a wata, su kuma biyu da rabi. Asusun fanshonsu ma sai ka shekara 5 kana zubi kafin ka cancanci fansho, ƙasa da haka abinda ka zuba ne za'a maida maka. Albashin farko yakan ɗan jinkirta kafin a gama buɗe maka komai, ka bar musu na wata biyu a gida. Ranar da labari ya fita dangi zasu buga dala da naira a waya su yanke maka albashin da ko shugaban ofishin baya samu, buƙatu zasu taso ta ko'ina. Ka yanke tun yanzu nawa ne na taimako a wata, ka bayar da zuciya ɗaya, in ya ƙare kace sai wani watan. Gidanka su cigaba da rayuwa kusa da yadda suke yanzu, kada a canjawa yara makarantar da albashin jiha bazai iya riƙewa ba in ka dawo, ragowar ka zuba a abu guda da zai tsaya, fili ko ƙarasa gini.

Amsar da suke jira kuwa, kada ka bari kwanakin su ƙare kana shiru. Yau ɗinnan ka rubutawa jami'in da ya turo maka takardar, ka gode, kace kana da sha'awa, ka nemi ƙarin ƴan kwanaki dan kammala maganar iyali da ta wurin aikinka, ka tambayeshi ko za'a iya ɗaga ranar fara aiki zuwa bayan haihuwa da suna. Dama gwajin lafiya da biza da tantance takardu sukan ci makonni, wataƙila ma lokacin ya daidaita da kanshi. Ka tambayi ranar da kwantiragin zai ƙare, da ko kujerar ta wani ce da ya tafi na ɗan lokaci zai dawo, da kowane sati nawa ne hutun Bentiu a yanzu, duk su baka a rubuce. Abinda suka amsa ka turo mun in duba maka kafin ka sa hannu.